Sai An Buga Ƙararrawa

Fadan Kagoma

Zakara bai gama cara ba na fito daga gida ranar Alhamis, da jakata da tabarau mai ƙafa ɗaya. Hedimasta ne ya tura ni kwas na malaman ƙananan yara a Samaru Kataf. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, ni da na share majinar iyayen yaran nan, yau za a koya mini riƙon yara?" Ya ce, "Mama Saratu, ki je dai. Akwai shinkafa."

Na san ba don shinkafa ya zaɓe ni ba, maganar Dogara ce. A ajina na makarantar coci ina da doka tun haƙorana suna cike: ba mai fita fitsari sai an buga ƙararrawar tara. Dogara ɗan shekara huɗu ya ɗaga hannu sau biyu, na ce, "Me ya hana ka yi a gida?" Bai sake ɗagawa ba, sai dai muka ga ruwa yana bin ƙasan benci. Yara suka sa masa suna Famfo. Tun ranar bai dawo ba, uwarsa Rifkatu ta ce gara ya bi ta gonar citta.

Kafanchan

Ɗan acaba ya sauke ni a tasha gari yana wayewa. Mai kunun wurin tsohuwar ɗalibata ce, ta gane ni, ta durƙusa har ƙasa, ta yi ta cika mini kofi, ta ƙi karɓar ko sisi. Yanzu da nake tunani, ita ma ta sha dokar ƙararrawa a hannuna. Ko kirki ne ko ramuwa, Ubangiji ya sani.

Aka cusa ni a bayan ƙaramar mota, tsakanin wani mutum mai riƙe da zakara da Hajiya Asabe, wata mai sarin citta a kasuwar Kafanchan. Muka daɗe muna jiran cikon mutum ɗaya. Ban sauka ba don kada a ƙwace mini wuri.

Hanyar Kagoro

Ba mu kai Kagoro ba kunu ya fara sallama.

Na ce, "Direba, ɗana, ka ɗan tsaya mini."

"Mama, ba a tsayawa nan, sojoji na gaba. Sai mun wuce."

Muka shiga layin shinge. Wani soja ya duba but ɗin motar, ya duba buhunan citta, har zakaran sai da ya tambayi kuɗinsa. Ni kuwa na haɗe gwiwoyi ina rera waƙar zumuntar mata a zuci, baiti ɗaya nake ta maimaitawa. Da muka wuce na sake magana.

Direba ya ce, "Ki riƙe mana, Mama, saura kaɗan. Me ya hana ki yi a tasha?"

Na buɗe baki in zage shi, sai na ji muryata ce ta fito daga bakinsa. Shi kuma kowane rami a hanyar nan sai ya gaishe shi.

Hajiya Asabe ta dubi fuskata, ta daki bayan kujerarsa. "Kai yaro, tsaya ko in tsayar da kai. Da uwarka ce sai ka ce ta riƙe?"

Ya tsaya. Ba zan ce na kai daji da mutuncina duka ba, na dai kai da rabi. Hajiya ta biyo ni, ta buɗe mayafinta ta kare ni, ta ciro sabon zani daga jakarta ta miƙo mini. Da muka koma mota ta kalli mazan ɗaya bayan ɗaya. "Akwai wanda ya ga wani abu?" Duk suka duƙufa kallon dutsen Kagoro kamar yau aka kafa shi.

Samaru Kataf

A zanin aro na yi kwas ɗin. Malamar wata yarinya ce mai fara'a, ta zo da na'urar haska hoto, babu wuta, janareta kuma ya yi tari ya mutu. Sai ta zaunar da mu a kujerun yara. Wani malami mai tumbi daga Zangon Kataf ya tashi, kujera ta tashi da shi. Mun yi ƙirga da murafun kwalba, mun yi tsallen kwaɗo, mun koyi durƙusawa daidai tsayin yaro kafin a yi masa magana. Ni na durƙusa, sai da mutum biyu suka ɗaga ni. Shinkafar ta zo, naman ne ya tsaya a shinge.

Muka kwana a ɗakin baƙi na wani coci, kan tabarma. Washegari aka ba mu satifiket. An rubuta sunana ba daidai ba, amma hatimin yana da kyau.

Komawa gida

A Kafanchan na tsaya na mayar wa Hajiya zaninta wankakke. Mai kunu ta hango ni tana ɗaga ludayi, na ce mata ina azumi.

Ban shiga gidana ba sai da na biya ta gidan Rifkatu. Tana yanka citta a tsakar gida, ta amsa gaisuwata da ƙyar. Dogara ya ɓuya bayan turmi. Na durƙusa yadda aka koya mana.

Na ce, "Dogara, ni ma jiya na yi a zani."

Ya leƙo. "Ƙarya."

"Gaskiya. A gaban maza, har da zakara."

"Sun ce miki Famfo?"

"A'a. Wata ta rufa mini asiri. Ni ce ya kamata in rufa maka naka, ban yi ba. Ka yafe mini."

Rifkatu ce ta ajiye wuƙa ta zo ta ɗaga ni, tana danne dariya.

Ranar Litinin ya zo. Na sanar wa aji cewa dokar ƙararrawa ta mutu, mai jin fitsari ya tashi kawai. Nan take ajin ya watse, kowa ya nufi bayan makaranta. Dogara kaɗai ya rage, ya naɗe hannu ya ce, "Ni na yi a gida."

Abin da ban yi tunani ba shi ne bakin yaro ba shi da murfi. Kafin a tashi, labarina ya kai kasuwa. Yanzu ba mai kiran Dogara da wancan suna, ya koma kaina. Ran Lahadi har Baba Fasto ya ce, "Sannu, Mama Fam…" ya mayar da shi tari. Na karɓa, dama nawa ne, yaron ya ɗan riƙe mini ne kawai. Shi ya sa na ce gara ku ji daga bakina.

Godiya ga Ubangiji da ya kai ni ya dawo da ni, da Hajiya Asabe da mayafinta. Direba kuwa, Allah ya ba shi tsawon rai, ya tsufa, ya sha kunu, ya zauna a kujerar baya.