Sunan Yayata a Ƙarshen Shiri

Ba zan faɗi sunan yayata ba, don ta rasu, kuma mu 'yan ƙabilar Warlpiri ba ma kiran sunan mamaci sai shekaru sun ja. Kumanjayi muke cewa a madadinsa. To, Kumanjayi ta ƙare rayuwarta tana shirya shirye-shiryen talabijin da harshenmu a wata ƙaramar tasha a garin Alice Springs, kuma abu ɗaya ta nema: a rubuta sunanta a ƙarshen shiri a matsayin darakta.

Da shara ta fara a tashar. Wata rana aka rasa mai fassara maganar wani tsoho, aka ce ta ajiye tsintsiya ta zo, kuma ba ta sake ɗaukar ta ba. Ita ke zaɓar wanda za a ɗauka, ita ke cewa a kafa kyamara nan ba can ba, ita ta san tsohuwar da ba ta buɗe baki sai an gasa mata jelar dabbar dajin nan kangaru an haɗa mata shayi mai kauri. Ni ina bayanta riƙe da makirufo, ina shan faɗa. Amma in shiri ya ƙare sunaye suka fara hawa, sai ka ga "Darakta: Garrick Prowse", wani Bature daga Sydney wanda aikinsa a daji bai wuce korar ƙudaje da neman inuwa ba. Ita kuwa tana can ƙasa, wai tafinta.

Garrick ba mugu ba ne, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Kullum cikin yabonta yake. Da ya karɓi lambar yabo ma ya gode mata a gaban jama'a, sai dai ko sunan bai iya faɗa daidai ba.

Al'adarmu kuwa, yayata kaɗai ke faɗa a kanta a tashar. In wani ya rasu sai ta yi ta rigima kafin a daina nuna hotonsa. Sau nawa uwa ta kunna talabijin ta ga ɗan da ta binne yana dariya, manyan tashar su ce ai ba lokacin gyara.

Sai da furfura ta cika mata kai, ciwon ƙoda ya kama ta, Garrick ya yi ritaya, sannan suka ba ta shirin kanta, a kan tsofaffin matan da ke nuna wa jikokinsu ramukan ruwa na kakanni. A gadon asibiti na kunna mata shi. Da sunanta ya fito shi kaɗai a allo, ta sa na mayar baya, na sake mayarwa.

"Ƙanwata, in na tafi kada ku kira sunana, amma ku bar shi a rubuce," in ji ta. "Mai karatu ba sai ya buɗe baki ba."

Ta rasu kafin a sa shirin a talabijin. Muna zaman makoki a daji, fuskokinmu shafe da farar ƙasa, ba wanda ya zo daga tashar ya tambaye mu komai. Ranar da aka sa shi na zauna na kalla har ƙarshe. Sun goge sunanta tas. Da yake shiri ba ya fita ba darakta, sai suka ɗago sunan ɗan ritayar da suka riƙe a matsayin mai ba da shawara suka sa a wurin: Garrick Prowse.

Na je tashar raina a ɓace. Sabuwar manajar ta riƙe hannuna, har da ƙwalla a idonta.

"Ai yanzu mun san al'adarku, Anti," in ji ta. "Yayarki ce ta koya mana."