Maɗacin Baba da Mai Injin Zarto

Ina isa gona na tarar Malam Sale mai injin zarto har ya tsaga rabin gungumen maɗacinmu, kuma babu layi ko ɗaya a jikinsa.

Maɗacin nan Baba ne ya dasa shi da hannunsa, Allah ya jiƙansa. Iskar farkon damina ce ta kayar da shi. Inna ta ce a fitar mata da katakon ƙofa, ta riƙa ganin abin mijinta kullum a ɗakinta.

Kowa a wajenmu ya san yadda ake yi. A tsoma igiya a baƙin mai, a miƙe ta a kan gungume, a ja a saki ta buga layi, sannan zarto ya bi.

Na ce, "Malam Sale, ina igiyarka?"

Ko injin bai kashe ba. Ya ce, "Haba Malam, yau na fara? Idona ya fi igiya."

To ga aikin idon nasa. Kowane katako wannan kai kauri kamar bulo, wancan kai kamar faifai. Da muka kai wa kafinta, ya jujjuya su, ya ce ƙofa ba za ta fita ba, sai dai benci.

Bishiyar da ta shekara arba'in tana girma, mutum ya kasa ba ta minti biyar na igiya!

Inna ta shafa katakon kawai ta ce, "Allah ya sa haka ya fi alheri." Ni wallahi har yanzu ban huce ba. Da ku ne, za ku iya yin shiru?