Muryar Cikin Gora

Wa ya kira shi da muryata? Tun ranar da anka ɗauke shi daga gidan nan nake wannan tambaya. Na tambayi malamai, na tambayi tsofaffin da sunka girme ni, babu wanda ya ba ni amsar da ta zauna mini a rai. Ni ban yi karatu ba, ko na allo ban yi nisa ba. Matar ɗana ce ke rubuta wannan ina faɗi, kuma na ce mata in ta ga ina kuka kada ta lallashe ni, ta jira in share in ci gaba.

Maigidana mutumin Gulma ne, ɗan masunta, amma tun yana saurayi ya bar ruwa ya dawo Birnin Kebbi yana sayar da albasa. Sunan kakansa anka sa masa, saboda haka iyayensa ba su taɓa kiran sa da shi ba, laƙabi sunka yi masa ya tashi da shi. A kasuwa mai albasa ake ce masa, 'ya'ya su ce Baba, ni kuwa Malam. Mu matan zamaninmu ba mu faɗin sunan miji. Sunansa na yanka a bakin ƙawayena na ji shi, ranar da sunka zo yi mini tsiya bayan ɗaurin aure. Na riƙe shi a ciki har furfura ta rufe ni, bai taɓa hawa harshena ba.

Shekarar da ɗanmu ya sayi mota, bayan ƙaramar salla, ana tsakiyar zafi, ya ce zai kai mu Argungu mu sha iska mu ci kifi. Malam ya ƙi da farko.

"Ruwan da na baro tun ina yaro shi za ka kai ni kallo?"

Jikanyarmu, wadda ba ta barin sa ya huta, ta ce, "Ku ƙyale tsoho, kada yake tsoro."

"Ke da ko cikin baho sai an riƙe ki," ya ce, ya tashi ya ɗauko hularsa.

Munka fita daga unguwarmu Badariya da hantsi, mu biyu da ɗanmu da matarsa da yarinyar. Fadama ta yi kore da shinkafar rani, injinan ban ruwa na ta ƙara. Da munka isa Argungu munka fara da gidan tarihi. Na ga takubba da sulke da manyan tambura, amma ni ƙafata ce ta dame ni. Malam kuwa da ya ga kayan kamun kifi, sai ya zama wani mutum. Ya tsaya gaban wata ƙatuwar gora yana nuna wa yarinyar yadda masunci ke kwanciya da ciki bisa ita ya tafi kan ruwa, in ya kama kifi ya jefa ta bakinta. Rabona da in ga yana magana da hannu biyu haka har na manta.

Daga nan munka gangara bakin gulbi. Ruwa ya ja baya, yashi ya fito. Munka sayi soyayyen kifi da yaji munka zauna inuwa. Muna cikin ci munka ji kalangu, mutane na ta tafiya wajen. Yarinyar ta ce masu dabo ne, sai an je. Malam ya ce rufa-ido ne kawai, amma ya bi mu.

Mai dabon siririn mutum ne, ba yaro ba, ba tsoho ba, da jar 'yar shara da layu a damtse. Makaɗinsa ɗaya ne. Ya haɗiye allurai ya zaro su daga baki a jere bisa zare. Ya ɗebi yashi ya hura, ya zuba wa wata mata gero a hannu. Ya cire hular wani mai ƙaton ciki ya fito da ƙwai daga ciki, ya ce, "Alhaji, ashe kaji kake kiwo bisa kai? Mi kake ba su?" Wuri ya ɗauki dariya. Malam ya yi dariya har da tari. Matar ɗana ta ɗaga waya tana ɗauka.

Can sai ya jawo gora daga cikin buhu, irin wadda munka gani a gidan tarihi, amma baƙa, ta sha ruwa ta sha hannu. Ya ce wannan gora ta daɗe cikin gulbi, duk kiran da anka yi daga wannan gaɓa zuwa waccan ta haɗiye shi. Ya rungume ta yana zagaya da'ira, yana karkata bakinta wajen mutane. Gaban wani zakara ya yi cara daga ciki. Gaban wata amarya jariri ya tsala kuka, ta rufe fuska, ƙawayenta na shewa. Gaban wani tsoho wata murya ta ce, "Mai jirgi, dawo ka ɗauke ni!" Kowa ya san da ciki yake yin maganar, ko dai haka ɗana ya raɗa mana.

Ya zo gabanmu zai wuce. Bai ma tsaya ba, bai karkata gorar ba. Sai sunan ya fito.

Sunan yankan Malam, sau ɗaya, a hankali, kamar yadda ake tada mai barci. Kuma muryata ce. Ba muryar wata tsohuwa mai kama da ni ba, tawa, da dishewar da nake da ita, da yadda iska ke fita ta giɓin haƙorina. Ni a lokacin gefen mayafina na bisa bakina saboda ƙamshin yajin da ya shaƙe ni.

Malam bai dubi gorar ba. Ni ya juyo ya duba, fuskarsa ta buɗe kamar ta wanda anka yi wa bushara, ya ce, "Na'am."

Kowa ya sani ba a amsa kiran da ba a ga mai yin sa ba. Tun muna yara ake ja mana kunne, in kana daji ko bakin ruwa ka ji sunanka, ka yi shiru sai ka ga fuska. Malam ɗan masunta ne, ya fi ni sanin wannan. Amma shi a ganinsa ya ga mai kiran, ga ta tsaye kusa da shi.

Abin da ya tsinka mini zuciya shi ne mai dabon kansa. Ya tsaya cak, ya dubi gorar da ke hannunsa kamar an miƙa masa maciji. Makaɗin ya ga haka ya saki kiɗa. Mutumin ya ciro tsumma ya cusa a bakin gorar, ya mayar da ita buhu, ya ɗaure. Ko zagayen karɓar kyauta bai yi ba. Wata dattijuwa da ke bayana ta taɓa kafaɗata ta ce, "Baiwar Allah, mijinki na? Amsawa ya yi?" Na ce i. Ta yi salati ta ja jikokinta ta bar wurin.

A mota Malam sai murmushi yake.

"Ashe kin san shi," ya ce.

"Malam, wallahi ba ni ba ce."

"To, gora ce. Gora ce ta ci amarci da ni."

Ɗanmu ya ce mutanen nan suna da masu yi musu leƙen asiri cikin taro, wani ya ji sunan ya kai masa. Na ce a bakin wa zai ji? Shi kansa ɗan namu sai da ya girma ya san sunan ubansa. Matarsa ta ce, "Inna, ni ma fa na ɗauka ke ce."

Kiran ya shiga wayar. Hoton gorar ya ɗauka da bayan kawunan mutane, fuskata ba ta ciki, amma muryar ta fito sarai. Malam ya ce a sa masa ya ji. Washegari ya sake cewa a sa masa. Ya zama kullum in ya dawo kasuwa, kafin ya ci abinci, sai ya aika a kira matar ɗansa da wayarta. Ya kara a kunne, ya lumshe ido. Ni sai in bar tsakar gidan, don tsigar jikina tashi take yi in ji bakina yana faɗin abin da bai faɗa ba. Na yi wa ɗanmu magana, ya karɓi wayar ya goge. Malam bai taɓa yi wa yaron nan faɗa irin na ranar ba.

Bayan an goge ne ya fara ji ba tare da waya ba.

Ina wanke-wanke sai in gan shi tsaye a kaina. "Ga ni." In ce ban kira ba. Ya yi dariya ya koma zaure. Wata rana da rana tsaka ya bar albasarsa a buɗe a kasuwa ya hau mashin ya zo, yana haki, wai mi ya faru nake ta kiran sa haka. Anka yi masa rubutu ya sha, anka yi sauka, anka yi sadaka. Ɗanmu ya kai shi asibiti, sunka duba kunne sunka duba jini, sunka ce tsufa ne, ya rinƙa hutawa. Ɗanmu ya koma Argungu neman mai dabon. Masu kifi sunka ce ba ɗan garin ba ne, salla ce ta kawo shi, kuma tun ranar ba a sake ganin sa ba.

Da damina ta sauka gulbi ya fara cika, abin ya ƙaru. Ya ce yanzu ba daga ɗaki kiran ke zuwa ba, daga nesa yake, kamar ina tsaye a wancan ƙetaren ruwa. Wani maƙwabcinmu Kirista, mutumin Filato mai tuƙa bas, shi ya tsince shi wata safiya a bakin gari bisa hanyar Argungu, yana tafiya da ƙafa ba hula. Ya kawo shi har ƙofar ɗaki ya ce, "Mama, Baba ya ce wai ke zai je ɗaukowa. Na ce masa ai yanzu na baro ki kina shara."

Ranar Malam ya zauna bakin gado. Sannan ya ce, "Ki faɗe shi sau guda da bakinki, ina kallon ki. In na ji naki na gaskiya, zan iya rabe su."

Na so in faɗa. Allah ya sani sunan ya zo har maƙogwarona. Ba kunya ce kaɗai ta hana ni ba, mun wuce wannan. Tunani na yi. Muddin ban taɓa faɗi ba, ina da abin da zan riƙe shi da shi. Na ce, "Malam, ni ban taɓa kiran ka da suna ba, kuma ba zan kira ba. Saboda haka duk lokacin da ka ji shi, ka sani ba ni ba ce. In na faɗa yau, gobe da mi za ka gane?"

Ya ce, "Kin fi ni gaskiya." Amma na ga abin da ya faɗi a fuskarsa, kuma har yau in na tuna sai na yi kuka.

Munka yi shawara in ina neman sa in buga cokali a bakin kwano, shi kuma kada ya amsa kowace murya sai ya ga leɓena na motsi. Ya yi ƙoƙari, bawan Allah. Sai in gan shi zaune bisa tabarma da tasbaha, ya ɗaga kai farat ɗaya, ya dubi bakina, ya ga a rufe, ya sunkuyar da kai ya ci gaba da ja. Wani lokacin har ya toshe kunne da 'yan yatsu. Ya daina zuwa kasuwa. Ya rame, abinci sai na matsa. Na daina barin sa shi kaɗai, ko makewayi zan shiga sai na zaunar da wani kusa da shi. Jikanyarsa ta zo da tsokanarta, ya bi ta da ido kawai.

Lokacin da anka ce ruwa ya haye gonakin fadama, zazzaɓi ya kama shi, ba mai zafi ba. Bayan la'asar ya ce ɗaki ya ishe shi, na shimfiɗa masa tabarma ƙarƙashin dogonyaron tsakar gida. An yi ruwa da safe, ƙasa na da sanyi. Na zauna dab da kansa da faifai ina tsintar shinkafa. Gidan shiru, matar ɗana na madafi, ko kaji ba su motsi. Bakina a rufe yake, na rantse da wanda raina ke hannunsa.

Sai ya buɗe ido ya dube ni. Bai dubi leɓena ba wannan karon, cikin idona ya duba, da wannan fuskar da ya yi mini a bakin gulbi. Na jawo kwano zan buga, hannuna ya ƙi. Ya ɗora tafinsa bisa ƙafata, ya yi magana a hankali, irin ta mai lallashin wadda ta ƙosa da jira.

"Haba, na ji mana. Bar kira haka nan, ga ni nan tahe."