Ranar da mai shara ta fi Majo gani

"Tsintsiya ce aikinki, ba magani ba!"

Jiya a asibiti na ji wata ma'aikaciya ta daka wa mai shara wannan tsawar, raina ya ɓaci. Na taɓa jin irinta a Mirriya, shekarar da muka samu 'yancin kai, ina sabuwar ma'aikaciyar jinya.

Wata mata ta kawo jaririya. Majo, shugabanmu, baƙo ne a ƙasar Hausa. Ya tambaye ta jikin yarinya, ta kau da kai ta ce, "Da sauƙi." Ya tura su ƙarshen layi.

Iya Fanna mai shara ta ce, "Ranka ya daɗe, 'yar farinta ce, kunya ba za ta bar ta ta nuna damuwa ba. Dubi maɗigar yarinyar, ta loɓa."

Nan ya tuna mata da tsintsiyarta.

Na sungumi yarinyar na shige ciki da ita. Ya ce zai kai ƙarata Damagaram. Na ce, "A kai! Amma sai na duba ta tukuna."

An kai ƙarar, na sha faɗa. Yarinyar kuwa yau tana Zango da jikokinta.

Asibitin da ba a jin maganar mai shara, kurma ke riƙe da shi. Wanda bai yarda ba, ga fili nan ƙasa, ya faɗi nasa.