Mai Zana Gida Bisa Teku

Maharazu mai haƙar rijiya yana zaune a tashar Kankia, igiyarsa naɗe a gabansa, yana jiran motar Kusada ta cika. Gefe guda wani baƙo ya tsaya ƙerere cikin farar shadda, ya ƙi zama kada benci ya ɓata masa riga. Wuya ya yi kitse, tafin hannu sumul kamar bai taɓa riƙe fartanya ba. Amma duk Turancin da yake yaɓawa, harshensa ya tona shi: ɗan wajen Dudunni ne.

Ba wanda ya tambaye shi, sai tura wa mutane waya yake yi a fuska.

"Ni na zana wannan. Gidan ƙarfe ne, bisa teku yake shawagi, ɗaure da sarƙoƙi. Ruwa mita dubu biyu muke ratsawa mu haƙo mai."

Maharazu ko kallo wayar ba ta ishe shi ba. Jiya ya baro wata rijiya a can yankin Dudunni, gaba ashirin babu ko danshi, mata na zaune da tuluna suna jira. Wa ya sani ko uwar wannan na cikinsu.

Baƙon ya taka kashin akuya. Ya ja tsaki, ya buɗe sabuwar gorar ruwa, ya juye ta kaf bisa takalmi. Ƙasa ta shanye nan take.

Sai yanzu Maharazu ya ɗago.

"Alhaji, wanga da ka zubar, kwana tara na yi ina nemansa a garinku."