Irin Murjanin Maigidana

Lokacin da maigidana yake kwance a asibiti, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, tambaya ɗaya yake tarbata da ita kullum na shiga da kwanon abinci. Kafin ya tambayi yara, da bakin nan nasa da ya karkace, sai ya ce, "Shina motsi?"

Murjaninsa yake nufi. Ba irin na wuyan mata ba, wani abu ne mai rai, mai laushi, da yake kiwo a tankin gilas na ruwan gishiri a falonmu na Ƙofar Marke. Kowane reshe yana da 'yan yatsu a kai, suna buɗewa suna rufewa wuni guda ba gajiya. Daga Legas ya zo da shi, ɗan guntu a leda, tun yana aiki a kamfanin siminti na Kalambaina. Na ce masa a garin da kaza ke sakin baki don zafi za a yi kiwon ɗan teku? Ya yi dariya ya ci gaba da haɗa wayoyinsa.

Abin ya fi ciyawar kiri-kiri yaɗuwa. Ya cinye duwatsun tankin, ya hau gilas. In ya yi yawa sai maigidan ya sa reza ya yanki reshe, ya ɗaure shi a jikin tsakuwa da zaren da yake sata a kekena na ɗinki, har ya kama. Daga nan sai rabo. Duk wanda ya yaba, sai ya tafi da tsakuwarsa. Wai a fadamarsu haka ya taso ya gani, ba a hana mutum iri, ko na albasa ne ko na barkono. Mutanenmu kuwa sai su je su tsoma shi a ruwan randa, da safe ya narke, su dawo neman wani ba kunya. Haushi kamar ya kashe ni.

Yana asibitin ne taransifomar unguwarmu ta ƙone, ana tsakiyar bazara. Famfon da ke juya ruwan ya tsaya. Janaretanmu ya yi abin da zai iya, shi ma ya kwanta. Na riƙa sayo ƙanƙara ina cusawa a gora ina jefawa ciki, ina juya ruwan da ludayi kamar mai damun kunu, har kafaɗata ta riƙe. Tsoro nake ji ƙwarai, don likita ya ja mini kunne cewa kada a bari ransa ya ɓaci, jininsa bai sauka ba. Ni kuma na san mutumin nan, da murjanin yake auna kansa.

Yatsun suka fara dunƙulewa. Rassan suka kwanta, ruwan ya yi fari, falon ya ɗauki ƙarni. Ranar da na kwashe na ƙarshe na zubar, da ya ce shina motsi, sai na ce alhamdu lillahi, na shiga gyara masa matashi. Ya daɗe yana kallona. Abinci ya daina wuce mini, ga sallama daga asibiti tana matsowa.

A bakin ɗakin marasa lafiya na haɗu da wata malamar kimiyya, mutuniyar Jos da ke zaune Ƙofar Taramniya, ta zo dubiya. Ta ce na rame. Ban san lokacin da na amayar mata da komai ba. Ashe tana cikin waɗanda suka karɓi tsakuwa, ita ce kaɗai ta tsaya ta ji bayani, kuma gidansu akwai sola. Ta ce nata har ya ishe ta, nema take inda za ta kai shi.

Da aka gyara wuta, ta zo a Keke Napep da bokiti lulluɓe da zane. Muka wanke tankin, ta haɗa sabon ruwa, muka jera duwatsun yadda na tuna, muka saka murjanin da ta kawo. Na yi ta leƙe har yatsun suka soma buɗewa, amma hankalina bai kwanta ba.

Ranar da aka kawo shi gida, ya ce a zaunar da shi gaban tankin. Ina tsaye bayansa. Ya duba sama, ya duba ƙasa, sai ya nuna wata tsakuwa da hannun hagu. Jan zarena yana nan a jikinta.

"Wanga na malama ne," ya ce. "Nawa ya mutu ke nan."

Na ce ya mutu. Na jira abin da likita ya tsoratar da ni, bai zo ba. Ya dubi hannunsa na dama da ke kwance a cinyarsa, ya sake duban murjanin.

"Ai shi ne dai. Ki bari shi cika, sannan ki ɗauko reza. Ke za ki yanka yanzu."

Tun daga shekarar ni ke yankan, ni ke ɗaurin. Jiya ma wata maƙwabciya ta yaba, na san a randa za ta tsoma shi, na kuwa ba ta.