Kwamfutar Kashe-Kunna Ta Daskare a Tasha

Duk wanda ya taɓa aiki a cibiyar gwajin jini da ke bayan gidan mai ya san Kashe-Kunna, ko da bai taɓa ganin fuskarsa ba. Muryarsa aka fi sani. Ka ɗaga waya ka ce masa injin buga takarda ya ƙi, kafin ka rufe baki ya ce, "Kashe ka kunna." Ka ce allo ya yi duhu, amsar ke nan. An ce ranar da mai shara ta yi masa kukan ciwon kai, sai da maganar ta zo masa har leɓe ya haɗiye ta. Da haka sunan ya danne na yanka, har masu kawo saƙo daga waje suna tambayar ofishin Malam Kashe-Kunna, su a zatonsu sunan kakansa ne.

Ofishin kuwa ƙarƙashin matakala yake. Ba taga. Akwai na'urar sanyaya ɗaki, amma ba don shi aka saka ta ba, don injuna ne, shi ɗan rakiya ne kawai, shi ya sa ko gari ya yi zafi kamar bakin tanda za ka gan shi cikin rigar sanyi. A nan uwar garke take, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da sakamakon gwajin kowa, na cibiyar da na rassanta: na mai ciki, na mai ciwon suga, da na wanda ko matarsa bai so ta ji. Makullin ɗakin yana wuyansa, ɗaure da igiyar takalmi. Mutum ne mai tsantseni har ya yi yawa. In ya ga ka manna kalmar sirrinka a jikin allo, zai ɓamɓare takardar ya yaga a gabanka, ya kuma kalle ka kamar ka tsallake liman a sahu.

Iyalinsa ba sa garin. Matarsa ma'aikaciyar jinya ce, yana kiranta Nas, ita kuma tana ce masa Injiniya, musamman in tana so ta tsokane shi. Shekarun baya aka yi mata canjin wurin aiki zuwa wani gari mai nisan wuni guda a mota, ta tafi da yara biyu, shi ya kama ɗaki ɗaya ya zuba katifa da butar shayi da tulin wayoyin da ya ce wata rana za su yi amfani. Zuwa wurinsu sai an yi hutu, hutun ma da ƙyar, don bai taɓa kwana biyu a can ba a kira shi an ce wani abu ya tsaya ba. Wata rana suna magana ta bidiyo, Auta ta leƙo ta ce, "Mama, Baban cikin waya ne?" Nas ta yi dariya. Shi ma ya yi, amma da aka kashe wayar ya daɗe zaune yana kallon bango.

Tun daga nan ya addabi Manaja da roƙo ta bar shi ya koma can ya riƙa aiki daga nesa. Manaja mace ce da ba ta son dogon bayani. Ranar da ta gaji da shi ta cire tabarau ta ce, "Malam Kashe-Kunna, magana ɗaya. Ka nuna min kana iya shiga uwar garkenka daga waje, ka gyara abin da ya lalace, sai ka ɗauki jakarka. In ba ka iya ba, matakala ba ta gaji da kai ba."

"Ranki ya daɗe, wannan ai shan ruwa ne," in ji shi.

Akwai manhajar da ake yin haka da ita. Kana zaune a ko'ina, sai allon uwar garke ya bayyana a kwamfutarka kamar kana gabanta. Sai dai kafin ta buɗe maka, takan fito da ɗan akwati ta ce ga takardar shaidar na'urar da kake son shiga, ka amince da ita? Wannan takarda ita ce ke tabbatar maka da uwar garkenka ta gaskiya kake magana, ba wani ɓarawo da ya aro rigarta ba.

Da yamma ya koma ɗakinsa, ya haɗa shayi, ya ɗora kwamfutar tafi-da-gidanka a kan kwali, ya danna Amince. Wani ɗan zobe ya fara juyawa a tsakiyar allo. Ya juya, ya juya, ya tsaya cak. Ya motsa linzamin kwamfutar, ko gezau. Ya daddanna maɓallai, shiru. Kwamfuta ta daskare kamar kifin cikin firji.

Ya waiga ya tabbata ba kowa, sannan ya sha maganin da yake ba mutane. Ya kashe, ya kunna. Akwati ya fito, ya danna, ta sake daskarewa. A nan ya gane dalilin da ya sa wanzami ba ya son jarfa.

Washegari ya kai ta ofis da niyyar ya fede ta har wutsiya. Yana dannawa ta buɗe, kafin ya ƙifta ido, sumul, kamar yaron da ya kwana yana kuka aka kai shi gaban likita ya kama wasa. Ya koma gida ta daskare. Ya dawo ofis ta buɗe. Haka aka yi ta yi. Ya goge manhajar ya sake saka ta. Ya gyara agogon kwamfutar ko da shi ne ya karkace. Ya dakatar da mai tsare kwamfuta daga ƙwayoyin cutar intanet, ya gwada, ya maido shi yana ba shi haƙuri. Ya gwada intanet ɗin wayarsa, ya roƙi na maƙwabcinsa tela. Har kwamfutar Akanta ya ara ya kwana da ita, ita ma ta daskare, don kada ya ce tasa ce mai taurin kai.

Nas ta kira ta ce, "Injiniya, yaushe za mu share maka hanya?"

"Saura ƙiris. Wani ɗan abu ne."

"Ɗan abu ne ya cinye mana hutun bara."

Ran nan da hantsi dabara ta faɗo masa. Ya buɗe kwamfutar ya ɗora a tafin hannu kamar mai talla, ya fito daga ƙarƙashin matakala yana tafiya yana gwadawa. A wurin karɓar baƙi ta buɗe. A bakin ƙofa ta buɗe. Ƙarƙashin bishiyar da Maigadi ke ajiye bencinsa ta buɗe. Maigadi ya bi shi da kallo ya ce, "Oga, ruwa ake nema a ƙasa ne? In rijiya za a haƙa a gaya min in kau da bencina."

Ya wuce shi. Ya tsallake kwalbati ya taka bakin titi, inda intanet ɗin ofis ke yankewa na waya ya karɓa. Ya danna. Zobe ya juya ya tsaya.

A tsaye a nan, masu babur suna yi masa hon, abin ya warware masa. Kafin kwamfuta ta amince da takardar shaida, sai ta aika ta tambayi wata ƙaramar na'ura ko an soke takardar. Ƙaramar na'urar nan tana ofishinsa na ƙarƙashin matakala, kuma ba ta amsa wa kowa sai wanda ke kan intanet ɗin ofis. In kana waje, kwamfutarka ta aika tambaya ta zauna jiran amsar da ba za ta zo ba har abada. Wa ya tsara haka? Shi. Shekaru da suka wuce, lokacin yana ganiyar tsaurinsa, ya rufe wa na waje ƙofar, ya saita manhajar ta riƙa tambaya kullum kada ta dogara da amsar jiya, sannan ya roƙi hedikwata su karɓe ikon buɗewa daga hannun kowa, har da shi. Har yabo aka yi masa a taro. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana, gugan kuma shi ya saƙa masa igiya.

Ya kira hedikwata. Wata murya mai sanyi ta ce za a duba. Ya sake kira bayan kwanaki, aka ce mai dubawa ya tafi kwas. Ya kira na gaba da shi, aka ce ai sai wancan ya dawo.

Akwai wata hanya, kuma duk ofis sun san ta. Can ƙasan akwatin tambayar akwai wani ɗan gurbi ƙarami da aka rubuta a gefensa: shiga ba tare da dubawa ba. In ka sa masa alama, ba tambaya, ba jira, ba daskarewa. Kuma ba ka san da wa kake magana ba. Akanta ya taɓa sa wa irin gurbin nan alama a wata manhajar, Kashe-Kunna ya tara masa jama'a, ya yi masa wa'azin da har yau bai huce ba. Don haka da labari ya kai masa, sai ya sauko har ƙarƙashin matakala, abin da bai taɓa yi ba, ya jingina da ƙofa yana sakace.

"Malam, na ji an ce kura ta ci mai kora. Ka ɗan taɓa gurbin nan mana, ba zan gaya wa kowa ba. Sai dai matata, da direba, da duk wanda na haɗu da shi."

"Akanta, ja min ƙofa, sanyi na fita."

Ana cikin haka, wata rana ya fito ƙarƙashin bishiya yana ƙara gwaji, Manaja ta sauko daga mota ta gan shi a bencin Maigadi, allon uwar garke a buɗe a cinyarsa. Ta leƙa ta ce, "A'a, ashe ka gama kake ɓoye mana? Ga ka a waje, ga abu yana aiki. Na cika alkawari, ka tafi ka ga 'ya'yanka."

Bakinsa ya buɗe zai ce ranki ya daɗe, wajen nan ai ciki ne. Sai ya tuna muryar Auta. Ya ce, "Na gode."

Ya ɗaure kaya. Ya ba tela butar shayi. Ya sayi takalman yara da ƙiyasi, don bai tabbatar da girman ƙafarsu yanzu ba. Da safe ya isa tasha ya samu kujerar taga, jaka a ƙarƙashin ƙafa, kwamfuta a ƙirji. Saura mutum kaɗan mota ta cika sai wayarsa ta yi ƙara. Shugaban wani reshe ne, yana magana kamar ana binsa da gudu: sakamako ya ƙi fitowa tun safe, mutane sun cika benci, akwai wata tsohuwa da likita ke jiran takardarta kafin a shiga da ita tiyata.

Ya buɗe kwamfuta a kan gwiwa. Ya san abin da zai faru, amma ya danna Amince, ko Allah zai sa hedikwata sun farka cikin dare. Zobe ya juya ya tsaya. Matar da ke kusa da shi ta leƙa ta ce, "Bawan Allah, abin naka ya yi barci."

Ya kashe ya kunna. Akwati ya dawo. Wannan karon bai kalli Amince ba, gurbin ƙasa ya kalla. Ya kai linzami kansa. Ya san da wuya a ce yau ɗin nan, a tashar nan, wani ɓarawo ya zauna yana jiransa. Da wuya ƙwarai. Amma ba yau kaɗai ba ce. Gobe ma sai ya sa alamar, jibi ma, kullum yana miƙa makullin da ke buɗe sirrin dubban mutane ga duk wanda ya amsa sallama, ba tare da ya ga fuskarsa ba. Ranar da aka dace da ɓarawo, ba shi za a tona wa asiri ba, mutanen da suka miƙa hannu aka ɗebi jininsu ne. Kwandasta ya buga jikin mota ya ce saura mutum ɗaya.

"Saura biyu," in ji Kashe-Kunna, ya jawo jakarsa.

"Kai Alhaji, wasa kake? Ka hana wani kujerar taga tun ɗazu!"

Ya sauka. Ya tare babur, jaka a tsakaninsa da mai tuƙi, ya kira Nas iska na kwashe rabin maganar.

"Kun taso?" in ji ta.

"Na sauka."

Ta ce, "Na sa kafinta ya yi maka tebur. Na ajiye shi a bakin taga, don na san ka yi shekaru ba ka ga rana ba. Yaran tun asuba suke goge shi."

"Ki ce musu..."

"A'a, Injiniya. Wannan karon kai za ka faɗa musu da bakinka. Zan kira ka in sun dawo daga makaranta."

Maigadi ya gan shi da jaka ya kalli fuskarsa, ya buɗe masa ƙofa kawai. Kashe-Kunna ya sunkuya ya shiga ƙarƙashin matakala. Ko zama bai yi ba ya danna Amince, ta buɗe nan take, ba ko jinkirin numfashi. Ya saki sakamakon reshen, ya kira ya tabbatar takardar tsohuwa ta fita. Jakar tana nan a bakin ƙofa, bai kwance ta ba. Ya jawo kujera, ya ɗaga wayar tebur ya buga hedikwata, aka ce ya dakata a kan layi. Ya dakata.